Jan kati da musafaha

Shin za ka iya hukunta mutum kana kuma ganin girmansa? A wurinmu abu biyu aka fi sabawa da su. In mai laifi babba ne, sai a ce a yi masa alfarma. In kuwa talaka ne, hukuncin ba ya isa sai an haɗa masa da tozarci. Wani abu da ya faru da Vincent Aboubakar ya nuna cewa akwai hanya ta uku.

Aboubakar ɗan Garuwa ne, an haife shi a 1992, kuma a Coton Sport ya fara fice. A 2010, yana ɗan shekara 18, Kamaru ta tafi da shi gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, a shekarar kuma ya koma Valenciennes ta Faransa. Daga nan sai Lorient, sai Porto ta Fotigal, sai Besiktas ta Turkiyya, sai Al-Nassr ta Saudiyya. Shi ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ana saura minti biyu a tashi wasan ƙarshe da Masar. A gasar da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022 ya ci ƙwallo 8, ba wanda ya kamo shi.

Ranar 2 ga Disamba 2022, a filin Lusail na ƙasar Katar, Kamaru ta kara da Birazil. An cika minti 90 ba ci. Cikin ƙarin lokaci Ngom Mbekeli ya ɗago ƙwallo, Aboubakar ya sa kai, ta shige raga. Kafin wannan dare babu ƙasar Afirka da ta taɓa doke Birazil a gasar cin kofin duniya. Murna ta kwashe shi, ya tuɓe riga ya ɗaga wa 'yan kallo, alhali yana da katin gargaɗi tun ɗazu. Alƙalin wasa, Ismail Elfath, Ba'amurke haifaffen Maroko, ya tarye shi da murmushi, ya miƙa masa hannu suka gaisa, sannan ya zaro ruwan ɗorawa na biyu, ya bi da ja. Aboubakar ya fice ba musu.

Daga Kuseri har Garuwa za ka sami mai cewa alƙalin ya cika tsauri. Hujjarsa ba ta banza ba ce: bai kai wa kowa duka ba, bai zagi kowa ba, farin ciki ne kawai. Me zai ragu in an kau da kai sau ɗaya?

Abin da zai ragu shi ne dokar kanta. Tun 2004 tuɓe riga yayin murnar cin ƙwallo ke jawo katin gargaɗi, kuma Aboubakar ya sani. In an ɗaga masa ƙafa don ya kafa tarihi, me za a gaya wa yaron da ya yi irin haka a filin unguwa aka ba shi kati? Ashe ke nan doka ta ƙananan mutane ce. Kuma laifin ba ƙarami ba ne kamar yadda ake gani. Shi ne kyaftin, ya bar abokansa su goma suna tsare nasarar da bai kammala ba. Da Kamaru ta haye zagaye na gaba, da ba shi a wasan. Suwizalan ce ta doke Sabiya ta rufe ƙofar, amma wannan bai wanke shi ba.

Sai dai musafahar nan ita ce rabin da muke yawan mantawa. Alƙalin bai ɗaure fuska don a san shi ne mai iko ba. Ya raba aikin da mutumin: aikin ya ci kati, mutumin ya ci gaisuwa. Shi ma Aboubakar bai tsaya yana tuna wa kowa ko shi wane ne ba.

Mai karatu, duba kusa da kai. Malamin da ɗan mai unguwa ya faɗi jarrabawa a hannunsa, jami'in da ke tsaye a gadar Ngeli ya ga kayan ɗan'uwansa ba takarda, uban da ɗan lelensa ya ɗauki abin da ba nasa ba, duk suna riƙe da kati a aljihu. Wasu kan mai da shi saboda kunya, wasu kan zaro shi da zagi don a ce ba sani ba sabo. Dukansu sun ɗauka hukunci gaba ne, shi ya sa na farko ke tsoronsa, na biyu ke jin daɗinsa. Alhali Bahaushe ya riga ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mutumin da aka hukunta da mutuncinsa yakan karɓa, har ya gyara. Wanda aka yi wa alfarma yakan maimaita, wanda aka tozarta kuwa ƙullata yake yi. Wannan ya sa hanya ta ukun ta fi wuya: tana buƙatar ka so mutum, ka kuma iya ce masa fita.