Ko Mutum Yana Iya Ƙin Alherin Allah?

Babu faston da ya daɗe a aiki bai gamu da irin wannan uwa ba. Ta goyi ɗanta zuwa sujada, ta raka shi makarantar Lahadi, ta ga ranar baftismarsa. Yanzu ya girma, ya tafi birni, ya ce shi da ikilisiya sai dai a labari. Shekara goma ke nan tana addu'a, kuma abin da take so ta sani ɗaya ne: idan Allah yana so ya ceci yaron, yaron yana da ikon hana shi? In yana da ikon, addu'arta kamar ba ta da ƙarfi. In kuwa ba shi da shi, me Allah yake jira?

Tambayar ta girmi uwar da fastonta. A farkon ƙarni na biyar wani malami daga Birtaniya, Felajiyos, ya koyar cewa mutum yana da ƙarfin yin nufin Allah da kansa, alheri kuwa taimako ne ga wanda ya riga ya yunƙura. Duk wanda ya saba jin ana cewa "Allah ya ce tashi in taimake ka" ya san wannan koyarwa ko da bai taɓa jin sunan mai ita ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya amsa cewa matacce ba ya tashi don a taimake shi. Sai an rayar da shi tukuna. Majalisar Kartej ta 418 ta ƙi koyarwar Felajiyos, majalisar Oranj ta 529 kuma ta tabbatar cewa ko mafarin bangaskiya kyautar Allah ce. A kan wannan manyan ikilisiyoyi ba su da saɓani: alheri ne ke fara aikin.

Saɓanin yana kan abin da ke faruwa bayan alherin ya iso. A 1610, shekara guda bayan mutuwar Yakubu Arminiyus, almajiransa a Holan suka gabatar da batutuwa biyar. A na huɗu sun yarda cewa kowane abu mai kyau a cikin mutum daga alheri yake farawa, da shi kuma yake ƙarewa, amma suka ce ana iya ƙin sa. Majalisar Dort, wadda ta zauna daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, ta ce a'a: sa'ad da Allah ya yi niyyar sāke haihuwar mutum, aikin ba ya faɗuwa. Ikilisiyar Katolika ta riga ta faɗa a majalisar Tirent a 1547 cewa mutum yana iya ƙi. Wannan gādo biyu ya iso har Nijeriya. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan na Rifom a Takum da Wukari da ƙasar Tibi sun gāji tunanin Dort, 'yan Metodis na ƙasar Muri kuma sun gāji na Yohanna Wesli, wanda ya bi sawun Arminiyus, ga shi kuwa sun yi shekaru suna zama a inuwa ɗaya ta TEKAN.

Kowane ɓangare yana da nassi a hannunsa, kuma ba na aro ba ne. Istifanas, gab da a jajjefe shi, ya zargi majalisar Yahudawa da cewa kullum suna tsayayya da Ruhu Mai Tsarki kamar kakanninsu (Ayyukan Manzanni 7:51). Yesu ya yi makoki a kan Urushalima domin ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza take yi da 'yan tsakinta, su kuwa ba su yarda ba (Matiyu 23:37). Ba a yin irin wannan makoki a kan wanda ba shi da alhakin ƙinsa. Amma Yesun nan ne kuma ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi, dukan waɗanda Uba ya ba shi kuwa za su zo (Yahaya 6:37, 44). Ta bakin Ezekiyel Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutse ya sa ta nama (36:26), kuma dutse bai taɓa ba da izini a cire shi ba. A bakin kogi a Filibi mata da dama ne suka ji Bulus, amma Lidiya ce aka ce Ubangiji ya buɗe zuciyarta (Ayyukan Manzanni 16:14).

A nan ne ya kamata a gyara wani kuskure da ya yi yawa a muhawarar matasa bayan sujada. Mutanen Dort ba su taɓa cewa ba a yin tsayayya da alheri ba. Sun san ana yi kowace rana, a kowane wa'azi. Ba su kuma ce Allah yana jan mutum kamar akuyar da ake kaiwa kasuwa, tana turjewa ana finciko igiya ba. Sun bayyana cewa alheri ba ya ɗaukar mutane kamar kututture ko dutse. Yana warkar da nufin mutum ne har ya so abin da dā yake ƙi. Mai zazzaɓi yakan ture abincin da ya fi so, amma in ciwon ya sake shi ba a tilasta masa ci, da kansa yake neman kwanon. Haka nan almajiran Arminiyus ba su ce mutum yana ceton kansa ba. Wesli ya koyar da alherin da ke riga mutum, wanda ke maido masa da ikon amsawa da zunubi ya ƙwace. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda ake zato ƙanƙanta, ko da yake tana nan: wa yake da maganar ƙarshe, alherin ko nufin da alherin ya farkar?

Littafi Mai Tsarki bai warware wannan ƙulli yadda masu son lissafi za su so ba. Littafin Fitowa ya ce Fir'auna ya taurare zuciyarsa (8:15), ya kuma ce Ubangiji ya taurare ta (9:12), bai ba da uzuri ba. Bulus ya umarci Filibiyawa su yi aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, dalilin da ya bayar kuwa shi ne Allah ne ke aikata nufin da aikin a cikinsu (2:12-13). Abin da nassi ya riƙe da ƙarfi shi ne cewa awon ba daidai yake ba a gefe biyun. Inda aka sami ceto, yabon na Allah ne duka. Inda aka hallaka, laifin na mutum ne duka. Mabiyan Luta sun tsaya a nan a 1577, suka ƙi ƙara taku ko ɗaya, kuma akwai hikima a cikin wannan tsayawar, ko da hankali bai ƙoshi da ita ba.

Kowace koyarwa tana da ramin da ke jiran masu ita. Wanda ya ce alheri ba ya faɗuwa yana iya naɗe hannu, ya daina yi wa ɗansa magana, ya ce in zaɓaɓɓe ne zai dawo. Wannan lalaci ne aka yi masa riga da tauhidi, domin Allah da ya ƙaddara ceto shi ne ya ƙaddara wa'azi da gargaɗi da hawayen iyaye su zama hanyarsa. Wanda kuma ya ce komai ya rataya ga zaɓin mutum yana iya mai da bishara ciniki, a kira mutane gaban bagade sau biyar da kiɗa da matsi, ko kuwa ya ɗora wa uwa laifin da ba nata ba, kamar dai da ta ƙara dabara da yaron bai kauce ba. Joj Witfil, mai bin Kalbin, ya yi jayayya mai zafi da Wesli a 1740 a kan wannan batu, amma dukansu biyu sun ƙare rayuwarsu suna wa'azi a fili ga kowa da kowa, kuma da Witfil ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan.

Ga uwar nan kuwa, amsar tana cikin addu'ar da take yi tun dā. Ba ta taɓa roƙon Allah ya ba ɗanta zarafi kawai ya bar shi da zaɓinsa ba. Roƙonta shi ne ya juya zuciyarsa. Wanda yake wannan roƙo ya riga ya gaskata cewa kunnen ƙashin yaro bai fi ƙarfin Allah ba. Sa'ad da kuma yaron ya zo gida Kirsimeti, ba za ta gaya masa cewa ba ruwansa ba; za ta gaya masa, kamar yadda wasiƙar Ibraniyawa ta yi (3:7-8), cewa muryar da yake ji ta yau ce, kuma taurin zuciya nasa ne. Lokacin da Allah zai amsa ba a ba kowa saninsa ba, faston da ya yi mata alkawarin rana kuwa ya faɗi abin da ba a aike shi da shi ba.

Agustin da ya kāre alheri haka, shi ma ɗan irin wannan uwa ne. Monika ta yi masa kuka shekara da shekaru, wajen tara daga cikinsu yana bin addinin Mani, har ya yaudare ta ya shiga jirgin ruwa zuwa Roma da dare tana bakin teku tana addu'a kada ya tafi. A can Italiya ɗin da ta roƙa kada ya je ne ya ji wa'azin Ambros. Aka yi masa baftisma a Milan a Idin Ista na 387, Monika kuma ta rasu a Ostiya kafin shekarar ta fita.