LADAN KUTURU DA ƘURI'AR MACE

Ƴar'uwa mai karatu, da kai ɗan'uwa da kake karanta wa iyalinka wannan shafi, ga wata tambaya da ta daɗe tana yawo a cibiyoyin yaƙi da jahilci na jihar Maraɗi. A ce lokacin zaɓe ya zo. Ɗan takara ya aiko da mota ƙauyenku. An raba wa mata sabulu da gishiri da atamfa mai hotonsa, wasu kuma an danƙa musu jika biyu biyu. Kin karɓa, don gida babu. Amma zuciyarki ba ta kwanta da mutumin ba. To, ran zaɓe wa za ki jefa wa ƙuri'a?

Mata da yawa suna cewa ai magana ta ƙare, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban raina wannan amsa ba. Amsar mai kunya ce, wadda aka tarbiyyantar a kan cewa alkawari kaya ne. Garin da mutane ba su jin nauyin abin da suka karɓa ba ya zaunuwa.

Amma mu dubi karin maganar da kyau. Wanzamin da ya karɓi lada, askarsa ce da hannunsa ya sayar, kan da zai aske kuma na kuturun ne shi kaɗai. Ba wanda zai cutu. Ƙuri'a fa? Mutumin da kika zaɓa ba ke kaɗai zai shugabanta ba. Shi zai zauna inda ake yanke shawarar rijiya, da gidan likita, da lakwal ɗin yara, da hanyar da ake kai mai naƙuda Maraɗi cikin dare. In ya lalace, maƙwabciyarki da ba ta ga sabulu ba ita ma za ta sha wuya, haka jaririn da ke goye a bayanki. Kin ga ke nan abin da aka nemi ki sayar ba naki ba ne ke kaɗai. An ba ki ajiyarsa ne.

Matan ƙasar nan sun san wannan tun kafin a faɗa musu. A shekarar 1991 ne ƙungiyar CARE ta soma tsarin asusun Mata Masu Dubara, a nan jihar Maraɗi. Daga nan ya bazu cikin Nijar, ya ƙetara ƙasashen Afirka da dama. Kin san yadda yake. Mata wajen ashirin ko talatin su haɗu, kowane mako kowa ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban. Su da kansu suke zaɓen shugaba da ma'aji da masu ƙirga kuɗi.

Yanzu ki ba ni amsa. A ce wata a cikinku tana son riƙon akwatin, kowa kuwa ya san hannunta ba ya da tsarki. Ta zo da dare ta kawo miki ƙwaryar gero, ta ce gobe ki ɗaga mata hannu. Za ki ɗaga? Duk ajin da na yi wa wannan tambaya, dariya mata suke yi. Su ce haba malam, wa zai ba kura ajiyar nama saboda ƙwaryar gero? To, asusun kwamin ɗinku ma akwati ne. Harajin kasuwar Tsibiri da na masu zogale da albasa a fadamar Jiratawa, cikin irin wannan akwati yake shiga. Bambancin kawai, wannan akwatin ba kya ganinsa da ido, shi ya sa sayar da makullinsa ba ya yi miki ciwo.

Akwai masu wata magana da ta fi ta farko ƙarfi. Suna cewa: duk ɗaya suke, in sun hau ba ma sake ganinsu sai bayan shekara biyar, gara mu karɓi rabonmu tun yanzu. Wanda ya faɗi haka bai yi ƙarya duka ba, an sha gani. Sai dai mu yi lissafi, tunda mun koya. Jika biyu dala 400 ce. Shekara biyar wata 60 ce. In kin raba, bai kai dala 7 a wata ba. Kuɗin ƙosai ke nan. Kuma wanda ya biya, yana ganin ya gama da ke. Ran da kuka je wurinsa da kukan famfo ya lalace, a ransa yana cewa ai na sallame ku tun ran zaɓe. Mai saye ba ya komawa ya tambayi mai sayarwa lafiya.

Ƙuri'ar nan da ake tayawa dala 7 a wata, ba da sauƙi mata suka kai ga amfaninta ba. A Nijar an ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe tun 1956, zamanin Faransa. Maƙwabtanmu matan arewacin Najeriya sai a 1976 suka samu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri sau da yawa a kan wannan magana. Mu kuma a nan, mata suna jefa ƙuri'a, amma kujeru na maza ne. A 1991, da aka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa, mace ɗaya tak aka sa a ciki. Ran 13 ga watan Mayu na wannan shekara dubban mata suka fito titi a Yamai, suka ce ba su yarda ba. Aka ƙara mata biyar. Wannan rana ce ta zama ranar matan Nijar. Duk da haka, a zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta shiga majalisar dokoki mai kujera 83. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta keɓe wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe. A zaɓen 2004 mata 14 suka shiga cikin 113. A wannan shekara kuma aka yi zaɓen kwaminoni, mata sama da 600 suka zama kansiloli, cikinsu har da matan asusu da suka koyi tsayawa su yi magana gaban jama'a a gindin bishiya. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019.

Wani zai ce wannan baƙon abu ne, mace da shugabanci. Ya je fadar Sarkin Gobir a Tsibiri ya tambayi matsayin Inna, ya zo fadar Maraɗi ya tambayi na Iya.

To, me ya kamata ki yi? Ni a ganina, wadda za ta iya ƙin karɓa, ta ƙi. Wannan shi ya fi tsabta, kuma ita za ta iya ɗaga kai ta yi wa ɗan takara tambaya. Wadda yunwa ta sa ta karɓa, ba ni da bakin zaginta. Amma kada ta ƙara wa kanta nauyi na biyu a kan na farko. Mai rabon ya san doka ta hana sayen ƙuri'a, ya san kuma halin da ya same ki a ciki. Babban laifin yana wuyansa. In kin shiga bayan labule, ke da Allah ne. An yi labulen nan ne musamman don kada mai kuɗi ko mai iko ya ga inda kika dangwala yatsa.

Abu ɗaya nake roƙon ki da babbar murya: kada ki dafa Alƙur'ani saboda sabulu. In an ce sai kin rantse kafin a ba ki, ki bar musu kayansu ki tafi gida. Wadda ta riga ta rantse, ta je wurin malamin da ta yarda da shi. Malamai sun bayyana cewa wanda ya rantse zai yi abin da ba daidai ba, ya bar abin ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in bai da hali ya yi azumin kwana uku.

Kai kuma maigida, ka yi shawara da iyalinka, ka faɗa mata wanda kake so da dalilinka, ka saurari nata. Ita take zuwa awon ciki, ita take bin layin famfo, ta san abin da ba ka sani ba. Amma riƙe mata kati, ko hana ta fita ran zaɓe, cin amana ne.

Na san za ki ce ai yanzu ba a zaɓe. Gaskiya ne. Zaɓen ƙarshe shi ne na Disamba 2020 da Fabrairu 2021. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, a 2024 aka rushe majalisun kwaminoni, a 2025 aka rushe jam'iyyu. Shi ya sa na kawo maganar yanzu, lokacin da ba motar ɗan takara a ƙofar gida, ba wanda zai ce wani nake yi wa aiki. Kafin ranar ta dawo akwai abin yi. Mata da yawa a ƙauyukanmu ba su da takardar haihuwa, ita ce kuwa mabuɗin katin ɗan ƙasa, da shi ake rubuta suna cikin masu zaɓe. Ku sa maganar a taron asusunku na wannan mako. A ƙirga waɗanda ba su da ita, wadda ta iya rubutu ta rubuta sunayensu, mata biyu su kai wa ma'aikatan kwamin su tambayi yadda ake yi. Ke kuma ki dage da zuwa aji, har ki iya karanta sunan da ke ƙarƙashin hoto da kanki.