Fasali a kan kunyar da ke halaka mai ita

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya ku 'yan'uwa muridai, neman yardar mutane ciwo ne ɓoyayye, yana sanya rigar kunya, alhali ɗan'uwan riya ne. Malamai sun rarrabe abu biyu. Mudara ita ce ka bayar da duniyarka domin gyaran addini, wannan abin yabo ne. Mudahana kuwa ita ce ka bayar da addininka domin duniya, wannan haram ne.

Ni da kaina na faɗa cikinta. Wani attajiri ya kasance yana aiko mini da damin gero kowace kaka. Ran nan aka zo rabon gādon ƙanensa, ya riƙe gonar maraya, ya dube ni. Na san hukunci, amma na sunkuyar da kai, na ce wa raina kunya ce. Wallahi ba kunya ba ce, gero ne ya ɗaure mini harshe. Sai bayan shekara uku na iya zuwa gidansa na faɗi gaskiya. Ya yanke kyauta, ya daina gaishe ni, gona ta koma ga mai ita. Daren nan na sami daɗin wuridi wanda na daɗe ban ɗanɗana ba.

Ku dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi. A Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa ya ba malamai dukiya ranar Idi. Shehu ya ƙi karɓa, ya roƙi abu 5 a madadinta, daga ciki a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Hannun da bai karɓa ba shi ne ya iya nema wa bayin Allah.

To, ya kai muridi, ka yi wa lokacinka shinge kamar yadda manomi ke yi wa gonarsa. Baƙo yana da haƙƙi, ka girmama shi, amma in lokacin wuridi ya yi, ka nemi gafararsa ka tashi. In an roƙe ka abin da ba ka iyawa, ka ce a'a da sakin fuska, ya fi alkawarin da za ka saɓa. Kafin ka ce to, tambayi zuciyarka: domin Allah ne, ko domin kada a zarge ni?

Mutanen da kake tsoron fushinsu za su raka ka bakin kabari su juya. Allah ya sa mu cika da imani, amin.