Ciwon Da Ba Ya Nuna a Fuska: Wa Ya Ba Mu Ikon Yanke Hukunci?

Akwai wata 'yar'uwa a zumuntar mata da na daɗe da sani. Wata Lahadi za ka gan ta tana jan waƙa da kuzari, Lahadi ta gaba kuwa ko ɗaura kallabi ba ta iyawa saboda kumburin yatsu. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce sammu aka yi mata, wasu kuma suka daina shan ruwa da kofinta. Sai bayan shekaru likitoci suka gano cutar lufus ce.

Lufus tana cikin cututtuka fiye da 80 waɗanda garkuwar jiki, da aka halitta domin yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta kai wa jikin mai ita hari. Cikinsu akwai wani irin amosanin gaɓɓai, da ciwon sukari na ɗaya wanda yakan kama yara, da ciwon da ke sa farare-farare a fata wanda jama'a kan ɗauka kuturta ce. Cikin masu lufus 10, kimanin 9 mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma takan fi tsananta ga baƙar fata. Ba a ɗaukarta ta kofi ko ta musafaha. Ba ta da dangantaka da ƙanjamau: can garkuwa ce ta raunana, a nan kuwa ta ɓata hanya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke fassara saukin da mai ciwon kan samu. Halin waɗannan cututtuka ke nan, su tashi su lafa, wani lokaci watanni. Idan ciwo ya lafa, mukan tsayar da 'yar'uwa gaban jama'a ta ba da shaidar warkewa, wani ma ya nuna mata cewa ci gaba da shan magani ƙarancin bangaskiya ne. Ta ajiye magani. Alhali irin su firedinisolon, ga wanda ya daɗe yana sha, tsayar da su farat ɗaya na iya kai mutum ga halaka, lufus kuwa tana iya cin ƙoda a ɓoye ba tare da zafi ba. Ranar da ta sake kwanciya, mu ɗin da muka tafa mata sai mu koma raɗa cewa akwai zunubin da ba ta furta ba. Mun ɗora mata laifi sau biyu a kan abin da ba ta jawo wa kanta ba.

Wani zai ce, ashe ba mu gaskata Allah yana warkarwa ba? Mun gaskata, ba za mu fasa addu'a ba. Amma Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, bai kuwa zarge shi ba. Abokin tafiyarsa Luka likita ne. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi. Da suka fara nemo masa laifi ne suka kauce, har Ubangiji ya tsauta musu a sura ta 42.

Na yarda akwai masu fakewa da ciwo su guje wa aiki. Sai dai idan na gaskata maƙaryaci, hasarata kaɗan ce. Idan kuwa na ƙaryata mai gaskiya, na ƙara masa kaɗaici a kan ciwonsa, wataƙila ma na raba shi da maganinsa.

'Yar'uwar nan tana zuwa sujada har yanzu, kujerar baya take zama, kusa da ƙofa, don ta iya fita idan gajiya ta taso. A watan jiya na ji wata tana tambayarta, "Mama, yaushe za ki daina shan ƙwayoyin nan?"