Laifin wa ne in wahala ta taru a ƙasa?

A duwatsun Alp, kudancin Jamus, dab da iyakar Ostiriya, akwai wani ƙaramin tabki da ake kira Funtanze. Yana cikin wani kwari mai kama da ƙwarya, bisa tudu mai tsawon metir 1601. Ruwa ne ya yi ta cin dutsen farar ƙasa shekaru aru-aru har wurin ya lotsa. Duwatsu sun kewaye shi, wani ma ya wuce metir 2500.

Kowa zai zaci sanyi ya fi tsanani can ƙololuwa. To, a daren da gari ya yi wasai, ba iska, ba haka abin yake ba. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta gangaro daga duwatsun ta kwanta cikin kwarin. Ruwan tabkin yana da mafita: yakan shige wani rami, ya bi ƙarƙashin ƙasa har tabkin Kenigze. Sanyi kuwa ba shi da ƙofar fita. Ran 24 ga Disamba 2001 an auna digiri 45,9 ƙasa da sifiri a wurin.

Haka zaman mutane yake. In hatsi ya yi tsada, mai rumbu ba ya ji da wuri. Mai awon tiya ɗaya kullum shi ke kwana da yunwa. In babba ya yi kuskure, sau da yawa na ƙasa ke biya.

Wani zai ce: ai haka duniya take, mai nauyi ƙasa yake zuwa, ba laifin kowa. Gaskiya ne ba a kai dutse ƙara gaban alƙali. Amma dutse bai san abin da ke gangarowa daga gare shi ba, kuma ba shi da zaɓi. Attajirin da ya ɓoye hatsi sai farashi ya hau, ya sani. Mai ba manomi bashi da damina don ya karɓi ninki da kaka, ya sani. Inda sani da zaɓi suka haɗu, nan alhaki yake.

Saboda haka wanda Allah ya ɗora bisa, kada ya auna lafiyar gari da ta gidansa. Ya sauko kwari ya tambaya. Na ƙasa kuma ya nemi mafita: ya koyi karatu da lissafi, ya san awo, ya san abin da aka rubuta da sunansa kafin ya dangwala hannu.