Ina Gidan Waƙar?

A unguwar Pumpumre ta birnin Garwa, ba nisa da babban masallaci, akwai wani tela da ya jingine tsohuwar jita a bayan keken ɗinkinsa. Tun yana saurayi yake kaɗa ta, zamanin da waƙoƙin Ali Baba, ɗan garin da ya rasu a 1989, suke tashe. Ɗan ƙanwarsa kuwa a waya ya koyi nasa kiɗan. Inda yatsun makaɗi suka sauka, nan yake ɗora nasa, har ya haddace waƙoƙi da dama. Hannunsa akwai sauri, samarin unguwa na zuga shi, kai ya fara kumbura.

Ranar wani biki aka ɗauke shi ya yi wa wata mawaƙiya kiɗa. Muryarta ta ɗan dishe, sai ta waiwayo ta ce, "Ƙanena, sauke mini kiɗan, ya yi mini sama." Yaro ya yi sororo. Ya laluba nan, ya laluba can, sauti ya watse. Da ganga da tafi aka ƙarasa waƙar.

Washegari ya zo shago fuska a murtuke.

"Kawu, jitar nan ta lalace."

Tela ya karɓa, ya shafa tsirkiyoyi shidan. "Lafiyarta ƙalau. Waƙar jiya, ina gidanta?"

"Waƙa tana da gida ne?"

"Kowace. Daga nan take fita, nan take komawa."

Ya kama manuniyar yaron ya ɗora a tsirkiya ta biyar, idan an ƙirgo daga siririyar ƙasa, a gaɓa ta uku. "Wannan Do ce. Matsa gaɓa biyu, Re. Biyu kuma, Mi. Yanzu ɗaya tak, Fa." Haka suka yi ta hawa wuyan jitar, Sol, La, Si, har suka iske wata Do a gaɓa ta goma sha biyar. "Biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Shi ne Do majer. Ko daga ina ka tashi, tazarar ba ta canzawa."

Sannan ya nuna masa dannawa uku da ake ginawa a kan sauti na ɗaya da na huɗu da na biyar: Do, Fa, Sol. Ya kaɗa Sol, ya ɗage hannu, ya koma taka keke. Yaro ya yi ta mutsu-mutsu a kan benci.

"Kawu, ƙarasa mana!"

"Ka ji ko? Kunnenka ne ke neman Do. Ya riga yatsunka sani."

Duk tsawon bazara, lokacin da zafin Garwa ke korar mutane gindin darbejiya, abin da aka sa shi yi ke nan: hawa da sauka, yana faɗin sunan kowane sauti da baki. Kan yatsunsa ya yi kanta. Abokai suka ce ya koma kiɗan yara, ya zo yana ƙunƙuni, kawu bai ko ɗaga kai daga ɗinki ba. Waya na nuna wa mutum inda zai danna, amma ba ta jin kuskurensa, balle ta sa shi ya maimaita.

Wata rana da la'asar, yaron ya bar gaɓa ta uku, ya kaɗa tsirkiya ta biyar ba dannawa, ya ƙirga tazarar daga nan. Na huɗu ya faɗa a Re, na biyar a Mi. Ya kaɗa waƙar bikin da La, Re, Mi. Ita ce sak, sai dai ta sauko gaɓa uku.

"Kawu, abin da ta roƙe ni ke nan?"

"Shi ke nan."

Da farkon damina ya je gidan mawaƙiyar, ya durƙusa ya gaishe ta. "Yaya, ki yafe mini kunyar da na ba ki. In akwai wani biki, a sake gwada ni."

Ta dube shi, ta ce akwai suna ranar Asabar. "Wace waƙa ka iya?"

"Ke dai ki fara rerawa," in ji shi. "In na ji inda muryarki ta zauna, sai in shigo."