Rancen Gida Daga Ƙaramar Hukuma: Shin Tausayin Mai Bayarwa Yana Halatta Kuɗin Ruwa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya gidaje wurin natsuwa ga ƴan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mas'alar da muke so mu duba a wannan fitowa ta taso ne daga nesa, daga ƙasar Irlanda, tsibirin da ke yamma da Ingila, inda ƙidayar jama'a ta 2022 ta sami Musulmi sama da dubu 80. Kada nisan wurin ya sa wani ya ce ba ruwansa. Ɗiyanmu sun watsu cikin duniya neman ilimi da abinci, tambayoyinsu kuwa gida suke dawowa, ga iyaye da limamai. Kuma abin da za a ce game da magidanci a Dublin ya shafi ma'aikacin da ke tsaye a ƙofar banki a Maraɗi ko Yamai.

Ga yadda al'amarin yake. A ƙasar akwai ƙananan hukumomi 31, kwatankwacin ma'aikatun magajin gari a wurinmu. Tun watan Janairu na 2022 suke ba da wani rance na sayen gida, wanda ya gaji wani irinsa da aka soma a 2018. Ba kowa ake ba shi ba. Sai wanda bai taɓa sayen gida ko gina shi ba, ko wanda ya rasa nasa saboda mutuwar aure ko karayar arziki. Sai ya nuna cewa ya je bankuna biyu ba su ba shi abin da zai ishe shi ba. Sai ya kawo takardun albashi da na ajiyarsa, ya tanadi kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan a matsayin kafin alƙalami, hukuma ta ranta masa sauran har zuwa kashi 90. A ƙa'idar da aka sa a 2023, wanda samunsa ya wuce yuro 70,000 a shekara ba ya cikin masu nema, in kuwa mutum biyu ne suka haɗu, iyakarsu 85,000. Sharaɗi ne kuma ya zauna cikin gidan da kansa. Ana biya wata-wata har shekara 25 ko 30, da kuɗin ruwa da aka yanke tun ranar farko, ba ya hawa ba ya sauka.

Duk mai adalci zai yarda cewa manufar wannan tsari kyakkyawa ce. An yi shi ne domin wanda banki ya raina, a ƙasar da kuɗin haya ke cinye babban rabo na albashi, kuma mai gida yana iya cewa zai sayar da gidansa, ɗan haya ya kwashe iyalinsa ya nemi wani wuri. To a nan ne shubuha take shigowa. Mai tambaya yakan ce: “Malam, wannan fa ba ɗan kasuwa ba ne mai neman cin gumina. Hukuma ce take son ta taimake ni, ruwan da ta ɗora kaɗan ne. Ya za a haɗa ta da mai cin riba na zamanin jahiliyya?”

Mu fara kawar da abin da babu matsala a cikinsa, don kada a haramta halal. Mu'amala da wanda ba Musulmi ba halal ce. Jinginar da kaya a kan bashi halal ce. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Rubuta bashi da kafa shaidu kuwa umurni ne, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Saboda haka tulin takardun da hukuma ke nema ba abin ƙi ba ne. Mu ma da mun riƙe irin wannan tsantseni a basussukan da ke tsakaninmu, da shari'o'i da yawa ba su kai gaban alƙali ba.

Matsalar guda ɗaya ce: ƙarin da aka sharɗanta a kan kuɗin da aka ranta, saboda tsawon lokaci. Mu yi lissafi, domin kalmar “kaɗan” tana ruɗin mutane. A ce mutum ya ranci yuro 200,000 a kan ruwa kashi 4 cikin 100, zai biya cikin shekara 25. Kowane wata zai ba da kimanin yuro 1,056. In ya gama, ya biya wajen 316,700. Ƙarin da ya hau kansa ya kusa yuro 116,700, wato fiye da sefa miliyan 76. Ko da ma ƙarin dala ɗaya ne, duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa a mazhabarmu rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani ba ya halatta. Ayoyin da suka yi hani, daga ta 275 zuwa ta 279 a Suratul Baƙara, ba su ware hukuma daga ɗan kasuwa ba, kuma abin da suka bar wa mai bin bashi shi ne uwar kuɗinsa. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya haɗa mai ci, da mai bayarwa, da marubuci, da shaidu cikin la'ana ɗaya. Kyakkyawar niyya tana ƙara wa halal lada, amma ba ta sauya sunan haram. Ita kanta ƙaramar hukumar rantowa take yi da ruwa daga wata hukumar kuɗi ta gwamnati, sa'an nan ta miƙa wa magidanci.

Sai dai malaman zamani ba su tsaya a kan magana ɗaya ba, kuma amanar ilimi ta wajabta mana mu kawo ɓangarorin biyu.

A watan Maris na 1990, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi zamanta na shida a Jidda, a lokacin da ɗan ƙasarmu Hamid Algabid yake babban sakataren ƙungiyar. Ta duba wannan mas'ala ta kuɗin gina gidaje da sayensu. Ta tabbatar da cewa muhalli yana cikin manyan buƙatun ɗan Adam, amma ta yanke cewa samar da shi ta hanyar rance mai ruwa haramun ne, ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ba ta tsaya ga hani ba. Ta nuna cewa hukuma tana iya ba da rance ba tare da ruwa ba, ta karɓi ainihin abin da ta kashe wurin gudanar da aikin kawai. Tana iya gina gidaje ta sayar a biya sannu a hankali. Masu dukiya ma suna iya yin haka, ko a ƙulla yarjejeniyar gini da magini a kan farashi sananne tun kafin a aza tubali.

Bayan shekara tara, a watan Oktoba na 1999, Majalisar Fatawa ta Turai ta zauna a birnin Dublin ɗin nan da muke magana, ƙarƙashin Shehu Yusuf Alƙardawi, wanda ya rasu a 2022, Allah ya jiƙansa. Mafi yawan malamanta suka yi sauƙi ga Musulmin da ke zaune a Turai ya sayi gidan zama da rance mai ruwa, bisa sharuɗɗa: ba shi da wani gida da zai ishe shi, shi da iyalinsa za su zauna a ciki, kuma ba shi da dukiyar da zai saya ta wata hanya. Sun kafa hujja da ƙa'idar da ke cewa matsananciyar buƙata tana iya ɗaukar hukuncin lalura, da kuma ra'ayin Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Muhammadu Asshaibani game da mu'amala a ƙasar da ba ta Musulunci ba. Abin lura, su ma ba su ce ruwan banki ya daina zama riba ba. Rangwame suka yi, irin wanda ake yi wa wanda yunwa ta kai shi ga mushe.

Wanda ya dubi sharuɗɗan wannan fatawa ya dubi sharuɗɗan ƙaramar hukuma zai ga kamar tela ɗaya ne ya yanka su: gida na farko, gidan zama, mutumin da ba shi da wata ƙofa. In akwai rancen da fatawar Dublin za ta hau kansa, to wannan ne.

Duk da haka, mu abin da zuciyarmu ta fi natsuwa da shi shi ne hukuncin Jidda. Ra'ayin Abu Hanifa a wannan babi, babban almajirinsa Abu Yusuf bai bi shi ba, kuma Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad duk suna ganin haramcin riba ba ya sauyawa da sauyin ƙasa. Ko a wurin Hanafawa, masu bincike sun nuna cewa maganar tana kan Musulmin da zai karɓi ƙari ne, a nan kuwa shi ne mai biya. Game da lalura, mai cin mushe yana ci ne gwargwadon abin da zai tsayar da ransa, ya tashi. Wannan kuwa ƙulli ne na shekara 25 ko 30, ana sabunta shi kowane ƙarshen wata. Kuma wanda ke da albashin da zai biya yuro dubu a wata, har ya tara kashi 10 na kuɗin gida, da wuya a ce masa ba shi da inda zai kwana. Zaman haya yana da ɗaci, mun sani, amma magidanta da yawa a manyan biranen duniya a cikinsa suke renon ɗiyansu.

Wannan shi ne rinjayen da muka gani. Ba mu fasiƙantar da wanda ya bi fatawar Dublin bayan ya tambayi malamin da ya san halin ƙasar, ya kuma auna kansa tsakaninsa da Allah. Akwai mai ɗiya biyar da aka tasa daga gida sau uku cikin shekara huɗu, akwai kuma saurayin da kawai ya ga abokansa sun saya. Sunan buƙata ɗaya ne a bakinsu, nauyinta ba ɗaya ba ne, kuma limamin da ke Tawa ko Damagaram ba ya iya auna ta ta wayar tarho. Abin da muke roƙon iyaye shi ne kada su zama su ne masu tura ɗiyansu. Sau da yawa yaro yana haƙuri da hayarsa, sai gori daga gida ya ishe shi: ɗan wane ya sayi gida a Turai, kai me kake yi?

Akwai wani wuri da malaman ɓangarorin biyu ba su saɓa ba ko kaɗan, kuma shi ne aka fi sakaci da shi: gaskiya a cikin takardar nema. Sharaɗin cewa mutum bai taɓa saye ko gina gida ba ya haɗa da gidan da ke wajen Irlanda. To da yawa daga matafiya, abin da suke fara yi da kuɗinsu shi ne su aiko a gina musu gida a garinsu. Wanda ya yi haka, sa'an nan ya sa hannu cewa bai taɓa mallakar gida ba don ya san ba mai zuwa Zinder ya duba, ya haɗa ƙarya da cin haƙƙin wani mabuƙaci da aka yi tsarin dominsa. Haka wanda ya ɓoye wani bashi da ke kansa, ko ya gyara takardar albashi. Babu fatawar da ta rufe wannan. Wanda kuma ya riga ya shiga, to ya cika alkawarin da ya ɗauka, kamar yadda farkon Suratul Ma'ida ya yi umurni, ya nemi gafarar Allah, ya yi ƙoƙarin gama biya da wuri in yarjejeniyarsa ta ba shi dama. Ƙin biya da sunan gudun riba zai jawo a karɓe gidan, a kuma ɓata sunan Musulmin da za su zo bayansa.

Sa'an nan muna jan kunnen masu ɗauko rangwamen Turai su shimfiɗa shi a nan. Waɗanda suka yi fatawar sun ɗaure ta da halin Musulmi marasa rinjaye a ƙasar da ba a san gini da kaɗan-kaɗan ba. A wurinmu mutum yana sayen fili bana, ya kewaye shi baɗi, ya yi ɗaki biyu na ƙasa ya shiga, ya ƙara siminti da kwano gwargwadon buɗin da Allah ya yi masa. Akwai adashi, akwai gidan gado, akwai bankin Musulunci ga wanda ya bincika yarjejeniyarsa da kyau. Mun ce da kyau, domin ba duk abin da aka liƙa wa sunan murabaha ne ya tsira ba. Alamar ciniki na gaskiya ita ce mai sayarwa ya mallaki gidan tukuna, asararsa tana wuyansa kafin ya sayar, farashi ya tsaya a wuri ɗaya, kuma jinkirin biya ba ya haifar masa da ƙarin riba.

Wani nauyin kuma a kanmu yake, mu masu hawa mumbari da masu hannu da shuni. Hukuncin Jidda rabinsa hani ne, rabinsa aiki, mu kuwa mun haddace rabin farko mun bar na biyu fiye da shekara talatin. A Birtaniya, sai da Musulmi suka yi ta bin hukuma kafin a 2003 ta cire harajin da ake biya sau biyu a kan gidan da aka saya ta hanyar Musulunci, Irlanda ma ta shigar da irin waɗannan mu'amaloli cikin dokar harajinta a 2010. Ƙaramar hukumar da ta yarda ta ranta wa mutum kashi 90 na kuɗin gida, ana iya zama da ita a nemi ta sayi gidan ta sayar masa a kan farashi tsayayye, ko ta yi tarayya da shi yana fansar rabonta a hankali. Wannan aikin ƙungiyoyin Musulmin can ne. Namu a nan shi ne mu tambayi magadan garuruwanmu, a duk lokacin da aka yanka sababbin filaye, nawa aka ware wa malamin makaranta da ɗan ƙwadago su biya wata-wata ba tare da ruwa ba, mu kuma tambayi attajiran masallatanmu ko akwai mai gina gida goma ya sayar ta wannan hanya.

Saura mas'alar inshorar rai da ake wajabta wa mai karɓar wannan rance, wadda ke biyan sauran bashin in ya rasu. Tana da nata bayani, za mu kawo shi a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah shi ne mafi sani.